Wayar Mai Guga a Aljihun Direba

A layin da ke bayan tashar manyan motoci akwai wani shago mai ƙofa ɗaya, teburi biyu, dutsen guga uku da igiyoyi huɗu cike da kayan mutane. Mai shagon, Karkata kowa ke ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Sunan daga yadda yake aiki ya samo asali: dama na riƙe da dutsen guga, hagu na jan riga, waya kuwa a matse tsakanin kunne da kafaɗa. Wuyan ya saba, ko hoto za a ɗauke shi sai an ce ya gyara kai.

Mutum ne mai zafin nema. Riga sittin yake gogewa a yini, wando arba'in, kuma bai taɓa barin kira ya tsinke ba. Masu kaya, 'yan musun ƙwallo, ƙanwarsa mai kawo ƙarar maƙwabta, duk kunnen nan ɗaya ke ɗaukarsu.

Abu ɗaya ne bai gaya wa kowa ba. Yatsunsa biyu na dama sun fara mutuwa. Da fari kamar kiyashi na yawo a ciki, daga baya har dutsen guga ya suɓuce masa. Da haka mahaifinsa ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Mai guga ba hannu kuwa, sai a rufe shago. Don haka duk lokacin da tsoron ya taso, sai ya danna waya ya nemi wanda za su yi surutu.

Dokar farko a sana'arsa ita ce lalube aljihu kafin wanki. Ya sha ciro makullai, biro, har haƙorin roba. Amma wata safiya da zai ninke wani ƙaton labule, sai ya jefa wayarsa a aljihun jaket ɗin da ke rataye kusa da shi. Mai jaket ɗin, wani direban tirela, ya zo a gurguje ya saɓa abarsa ya wuce.

Da Karkata ya farga, ya ruga shagon mai askin da ke jikin nasa ya ari waya ya kira lambarsa.

“Maigida, ai na yi nisa,” in ji direban. “Ga ta nan tana ta kuka kamar jaririya. Sai na juyo wani satin.”

Mai aski ya riƙe ciki don dariya. “Kai da kake caje aljihun jama'a, yau kai ka ba aljihu ajiya! Allah ya ƙara.”

Washegari kafaɗar ta riƙa ɗagawa da kanta tana neman abin matsewa. Shagon ya yi tsit. Sai ya fara jin abubuwan da ya daɗe bai ji ba: cuuu ɗin ruwa a ƙarƙashin dutsen guga, ƙas-ƙas ɗin fanka, har numfashinsa, wanda ashe sama-sama yake yi kamar wanda aka koro. Tsoron ya zo kamar kullum. Ya kai hannu aljihu, wayam. Dole ya tsaya ya dube shi ido da ido. Ya aje dutsen, ya zauna a kan buhun kayan wanki yana kallon yatsunsa, ya gane ba son hira ne ya yi masa yawa ba, gudu yake yi.

Da ya koma gida, ya zauna cin abinci hannu biyu ba komai, matarsa ta kafe shi da ido.

“Baban yara, lafiya? Yau har ka san kalar kwanon da kake ci a ciki.”

Sai kawai ya gaya mata zancen yatsun.

“Shi ne ka ɓoye min? Duniya ka ba ta kunnenka, ni ka hana ni bakinka! Gobe asibiti, ko da a goye ne.”

Likita ta auna jininsa, ta matsa yatsun, ta juya masa wuya dama da hagu.

“Nuna min yadda kake aiki.”

Karkata ya ɗaga kafaɗa, ya kwantar da kai, ya fara goge iska. Likitar ta kasa riƙe dariya.

“Malam, ba shanyewar jiki ba ce. Jijiya ka matse a wuya. Sake ta, za ta sake ka.”

Ya sauke wata ajiyar zuciya da har takardun teburin suka motsa. Matarsa ta ce, “To, alhamdu lillahi. Saura kan ya miƙe.”

Kafin direba ya dawo, kiyashin ya ragu, saura a bakin ƙaramin yatsa. Masu kaya kuwa ko ɗaya bai gudu ba, da ƙafarsu suka riƙa zuwa. Riga sittin ta koma saba'in, ba ko ɗaya da ta ƙone.

Ranar da wayar ta dawo, kira ɗari biyu da sha ɗaya ya tarar. Ya duba, guda uku ne na aiki. Ya saya mata gwangwani mai murfi, ya aje a kan tebur, sai ya kashe dutsen guga yake buɗewa.

Mai aski ya leƙo ya gan shi a tsaye cak, kai a miƙe.

“Yanzu kuma wane suna za mu kira ka, don Allah? Ka ɓata mana lissafi.”

Karkata ya shafa kwalar rigar da ya gama gogewa, zafinta ya ratsa yatsunsa duka biyar, ya yi murmushi ya jawo ta gaba.