Mai Tara Kawunan Sarakuna

A Masama na tashi, can ƙasar Gwandu, a hannun kakata ta wajen uba, Inna Kulu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Tatsuniyarta ta damina ce. Idan hadari ya haɗo da magariba, ruwa ya hana mu fita dandali, sai ni da ƙannena mata biyu mu cusa kai ɗakin girkinta mu zagaye murhu. Itacen a jiƙe yake, hayaƙi ya fi wuta yawa. Ita kuwa tana juya ɗanyar masara a kan garwashi da yatsunta kamar ba ta jin zafi.

Yawancin labaranta na dariya ne, na kura da kwaɗayinta. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai sau ɗaya a shekara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. Ranar ba ta canza murya, ba ta kwaikwayon kowa. Wuta kawai take kallo.

"Ga ta nan tahe," in ji ta, "ku gyara mata wurin zama."

"Mun gyara, ta shigo," mu amsa.

Wai an yi wani manomi da ya tafi aikin hajji a ƙafa, ya bar matarsa da ɗiya ɗaya. Ya sauke farali lafiya, amma a hanyar dawowa ya tsaya wani babban birni a bakin kogi, yana yi wa wani tsohon ɗan kasuwa dako. Rannan tsohon ya ba shi wani sule na azurfa, baƙi ƙirin don tsufa. Da ya goge shi, sai ga kan mutum mai murɗaɗɗen gashi, a baya kuma mujiya da manyan idanu. Tsohon ya ce kuɗin wasu mutane ne da suka shuɗe tun kafin zuwan Musulunci. Daga ranar manomi bai sake sha'awar komai ba. Duk abin da ya samu, sai ya bi rumfunan tsofaffin kaya yana neman wani kan.

Bayan shekara bakwai ya dawo gida, ba tsaraba, sai burgami ɗaya, 'yar jakar fata cike da sulalla, a rataye a wuya. Allah ya ƙara ba su ɗiya mace. Shi kuwa kullum da hantsi ya shimfiɗa buzu, ya jera kawunan nan, yana goge su da ruwan tsamiya da toka. Ciyawa ta cinye gona.

Sai aka yi shekarar yunwa. Nonon matar ya ƙafe, jaririyar ta koma shan nonon akuya ɗaya da ta rage a gidan. Da abin ya yi tsanani, matar ta faki idonsa ta ɗauki sule ɗaya ta kai kasuwa. Mai hatsi ya jujjuya shi ya ce wannan ba ya tafiya. Maƙerin azurfa ne ya karɓa, ya ba ta gero.

A nan Inna takan manta da masara har ta fara ƙonewa.

"Da mutumen ga yal lura kai guda ya ɓace," ta ci gaba, "bai yi hwaɗa ba, bai ɗaga murya ba. Kwance akuya kawai yay yi, yak kai ma maƙeri, yak karɓo abinai. Kwana tara ɗiyar nan tay yi."

Bayan an binne yarinyar, wai sai kawunan suka fara yi masa magana, shi kaɗai ke ji. Wata safiya aka shiga ɗakinsa, ga riga, ga hula, babu mutum. A kan buzu kuwa sule ɗaya ya ƙaru, da fuskarsa a jiki.

"Inna, matar fa?" na taɓa tambayarta.

"Matar ta tashi ta ɗora tukunya, Takwara. Akwai ɗiyar da tar rage, ita ma tana cin abinci. Nan tatsuniya tat tsaya, ku kwashe ku tahi salla."

Muna yara, ƙarshen ne kawai ke ba mu tsoro. Na daɗe ba na yarda in kalli kan da ke jikin kwabo.

Inna ta rasu ina sakandare. Na karanta tarihi, na yi aure, aiki ya kawo ni Kalgo. Ban san lokacin da na fara tara tsofaffin kuɗi ba. Da kuɗin wuri na fara, da anini mai huda, da sulallan azurfa irin waɗanda matan Fulani ke saƙalawa a kitso. Daga baya na san masu sayar da na Girkawan dā ta waya, na sayi uku, ɗaya da mujiya a bayansa. Ranar da ya iso na tuna tatsuniyar, har na yi murmushi. Na ɗauka Inna ta taɓa ganin irinsa a hannun wani alhaji.

Shekara biyu da suka wuce Gwaggo Balki, yayar mahaifina, ta zo wurina jinyar ƙafa. Ta haura tamanin. Wata la'asar na ɗauko akwatin da nake ajiye su don in ɗebe mata kewa, na ɗora mata mai mujiyar a tafin hannu. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye shi a kan tabarma ta goge hannunta da zane.

"Ina kinka samo kawunan Baba?"

Na ce saye na yi. Na ce wane Baba?

"Kakanki mana. Kulu ba ta hwaɗa miki ba? Ni ce ɗiyar da tar rage. Ni yas sa na ja akuyar har maƙera, tana kuka, ina jan ta. Ubanki ba a haihe shi ba tukuna."

Ta ce bai zama sule ba. Ya rayu shekara goma sha bayan haka, a gida ɗaya da Inna, tana dafa masa abinci, ta haifa masa ɗa, amma ba ta sake kallon fuskarsa ba. Da ya rasu, ta ɗauki burgamin ta ba wani mai fito, ta ce idan ya kai tsakiyar gulbi ya sake shi.

A dā na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce a kan rowa. Yanzu ina ganin ba don mu Inna take yin ta ba. Makoki take yi, sau ɗaya a shekara, a watan da abin ya faru, a gaban yaran da ba za su gane ba balle su ba ta haƙuri. Ta ba mijinta ƙarshen da ta ga ya dace da shi, tun da a zahiri kan gadonsa ya mutu, jama'a suka yi masa salla.

Ban zubar da nawa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na daina buɗe akwatin ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Ranar nan na yi wa Gwaggo tambayoyi da yawa: sulallan nawa ne, wane irin kai ne a jiki, akwai rubutu, wane gulbi ne, daidai wane mashigi. Ta amsa abin da ta tuna, muryarta a sanyaye. Ta koma Masama, ba ta ga wata damina ba.

Sai bayan sadakar bakwai, ina cikin mota a hanyar Kalgo, na tuna ban tambaye ta sunan yarinyar ba. Na koma na tambayi mahaifina, na tambayi tsofaffin unguwa. Babu wanda ya sani.