Rigunan Ulu a Bazarar Fagge

Ƙarfe huɗu na yamma, wata Asabar a tsakiyar bazara, komai ya fara lalacewa. A lokacin ne 'yan ƙwallon Sabon Gari suka shigo fili sanye da riguna irin namu sak. Ina saman benen gwaggona, wanda tagarsa ke kallon filin, na ji kamar in faɗo.

Na ce namu, ko da yake ban taɓa taɓa ƙwallo da ƙafa ba. Ina aji biyu a sakandaren 'yan mata, kuma ko a aji ba a jin muryata sai an tambaye ni. Ƙungiyar ta yayana ce da abokansa na Fagge. Amma rigunan, hannuna ne ya gyara su.

A wancan zamani ƙungiyoyin unguwa ba su da kayan wasa. Dokar ita ce, waɗanda aka fara ci su tuɓe riga, don a bambance su da abokan karawa. 'Yan Fagge kullum su ake fara ci. Yayana kuwa siriri ne, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Da ya tuɓe sai 'yan kallo su fara: "Ga tsani ya fito! A jingina shi a hau soro!" Yakan dawo gida ya ƙi cin tuwo, abin da bai taimaki haƙarƙarin ba.

Shekarar da kuɗin mai suka cika gari aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, samari suka yi ta sayen babur da rediyo mai kaset. Shi Yaya kasuwar Sabon Gari ya nufa, wurin wata Madam mai gwanjo, ya dawo da rabin dila a ka.

"Daga yau na daina tuɓewa," in ji shi.

Muka kwance a tsakar gida. Fararen riguna ne masu siraran layuka shuɗɗa, da maɓallai tun daga wuya har ƙasa, masu kauri kamar bargo. Akwai wanduna iya gwiwa, da hulunan hana-sallah, da dogayen safa koraye da ba su da dunduniya ba su da yatsu.

Inna ta ɗaga safa ɗaya ta leƙa ta ramin. "An cuce ka. Ɓera ya riga ka."

"Inna, ɓera ba ya cin abu daidai-wa-daida haka," na ce a hankali.

Ran Litinin na shiga laburaren makaranta, na yi ta buɗe manyan littattafai har na ga hoton wasu Turawa masu gashin baki cikin irin kayan nan. Wasan Amurkawa ne, besbol, da kulki ake buga shi. Na karanta cewa na farko-farko ulu suke sawa da hular kaba, kuma ƙungiyoyi da yawa da launin safarsu ake kiransu. Safar ma haka aka yi ta, a kan wata fara ake ɗora ta. Da na kai wa Yaya labari ya tafa hannu, nan take ƙungiyar ta zama 'Yan Koriyar Safa. Batun ulu na faɗa masa har sau biyu, amma kamar yadda na ce, muryata ba ta da nisa.

Aikin gyara ya faɗo kaina. An ɗinka kayan ne don ƙattai, riga ɗaya za ta ɗauki Yaya da mai tsaron ragarsu tare. Na rage kafaɗu, na cike maɓallan da suka ɓace, na jera layukan su haɗu a ɗinki. Duk da haka ban bari kowa ya ɗauki tasa ba sai da na nuna masa hoton da na kwafo: maɓalli har wuya, riga cikin wando, safa har gwiwa. Burina in ga an buga wasa guda cikakke da aikina, mutanen bene su tambayi wa ya yi, wani ya nuna ni ba sai na yi magana ba.

Abin da ba mu sani ba, ragowar rabin dilar Madam ta sayar wa ɗanta, wanda shi ne kyaftin ɗin Sabon Gari.

Ƙungiyoyin biyu suka tsaya suna kallon juna, mutum ashirin da biyu, riga ɗaya, hula ɗaya, safa ɗaya. Nasu dai ba a gyara ba, hannayen riga har gwiwar hannu, wannan ya ɗan sanyaya min rai.

"Kai, ɗan Madam, a ina kuka sato kayanmu?" in ji Yaya.

"Kayanku? A ɗakin uwata suka kwana kafin ka san da su!"

Alƙalin wasa, wani tsohon soja mai usur a wuya, ya raba gardama. Tunda ba a gane kowa, za a koma tsohuwar doka: wanda aka fara ci ya tuɓe.

Da farko an yi wasa na gaske. Yaya na gudu kamar ana bin sa, don ya san abin da ke jiransa. Sai ulu ya fara aiki. Rigunan suka jiƙe suka yi nauyi, kowa na susa yana gudu. Na ga wani ɗan bayanmu ya ɓalle maɓallin wuya, na dafe ƙirji. Can ɗan Madam ya tsaya yana haki, ya dubi golansa, golan ya dube shi. Ƙwallo na zuwa a hankali sai golan ya matsa gefe ya ba ta hanya. Sai ta bugi ƙarfen raga ta dawo.

Nan kowa ya gane. Wanda aka ci shi zai sha iska.

Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. 'Yan gabanmu suka koma suna tsare ragar Sabon Gari kada a ci su, nasu suka zo suna tsare tamu. Golanmu ya zauna a gindin ƙarfe yana fifita da hula. Tunda kayan iri ɗaya ne, alƙali bai san wa zai hura wa usur ba, sai ya yi ta hurawa gaba ɗaya. Gwaggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗa titi.

Ni duk Yaya nake kallo. Shi ne mai tsani, shi ba zai yarda ba. Ƙwallo ta faɗo gabansa kusa da ragarmu, ya ɗaga kai, ya gyara tsayuwa, ya narka ta ciki.

Kafin usur ya ƙare 'Yan Koriyar Safa sun fizge riguna, ba wanda ya tsaya ɓalle maɓalli. Ina ganin maɓallaina na tsalle cikin yashi. "Tsani! Tsani!" in ji 'yan kallo, Yaya ya buɗe hannuwa yana juyi don kowa ya gani da kyau. 'Yan Sabon Gari, da suka ci, suka ƙarasa wasan cikin ulu suna zagin sa'arsu.

Rigunan sun ƙare a hannun Inna, ta haɗa su ta yi wa Kaka bargo. Ni kuma na yi kwanaki ina juya tambayar a baki. Na gaya wa kaina wataƙila kuskure ne, ƙafa ce ta goce. Sai wata safiya, yana zaune ba riga yana shafa hoda a ƙurajen zafi, na yi ƙarfin hali.

"Yaya, ƙwallon nan... kuskure ne ko?"

Ya dube ni da tausayi ƙwarai.

"Wallahi kuskure ne, ƙanwata. Kusurwar dama na nufa, ta shiga ta hagu."