Abin da Batulu Ke Zubawa a Zoɓo

A Ƙofar Jatau kowa ya san halin Batulu, matar Malam Aƙilu mai ɗinkin babbar riga. Kafin ka rufe baki da sallama ta kama fatar idonka ta ja ƙasa. In ta ga ja, ka tsira. In ta ga fari-fari kuwa ka shiga uku, don sai ta yanke maka hukuncin rashin jini, kuma ba ka barin gidan sai da ƙullin zogale. Har surukai ba ta ƙyale ba.

Kada a yi mata dariya da yawa, tana da dalilinta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana shara da wankin zannuwa a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Tudun Jukun. Ƙanwarta Hassana kuma a hannunta ta cika bayan haihuwa, jini ya ƙare mata. Tun daga ranar Batulu ta ɗauka duk ciwon duniya daga rashin jini yake farawa.

Shi kuwa Malam Aƙilu mutum ne na zama. Daga hantsi har la'asar yana zaure a kan tabarma, riga a cinya, yana fitar da aska takwas da zaren siliki. Tumbi ya yi ta fitowa, gajiya ta yi ta ƙaruwa. Da ya fara ƙorafi, Batulu ta duba idonsa. Tsakani da Allah ja ta gani, amma ta ce idon namiji ba ya faɗin gaskiya. Ta sayo maganin ƙarin jini a kemis. Malam ya shinshina, ya ce warin tsatsa yake, ya rantse ba zai sha ba.

To, ita ma ai ba kanwar lasa ba ce. Zoɓo baƙi-baƙi ne, citta da kanumfari da sukari suna rufe komai. Ta fara da cokali ɗaya, ta koma biyu, daga baya har jajayen ƙwayoyin nan na masu ciki take dakawa ta zuba. Shekara shida ana haka. Malam har alfahari yake wa abokan ɗinki cewa duk birnin Zariya babu mai zoɓo irin na gidansa.

Bara ne nauyi ya kama shi a gefen dama, ƙasan haƙarƙari. Aka je asibiti, aka yi hoton ciki, aka ɗebi jini. Likita Kenneth, mutumin Wusasa mai Hausa kamar jikan malamai, ya zaunar da su. Ya ce kitse ya taru a hantar Malam. Ya ce akwai wani gwaji, feritin, da ke nuna yawan sinadarin ƙarfe da jiki ya ajiye, kuma na Malam ya yi sama ƙwarai. Wani lokaci kumburin hantar ne ke ɗaga shi, wani lokaci ƙarfen ne ya yi yawa yana ƙara wa hantar wahala, kuma in ya hau haka sau da yawa ciwon ya yi nisa. Sai ya tambaya ko Malam yana shan maganin ƙarin jini.

Malam ya yi dariya. "Ni? Ban taɓa ba, likita. Ga Batulu nan, ita ce shaidata."

Batulu ta gyaɗa kai. Wallahi har yau wannan gyaɗa kan ya fi cokulan duka damunta.

Likita ya ce tunda haka ne sai a bincika da kyau, ran Alhamis za a sa doguwar allura a tsakuro ɗan naman hantar. Malam, wanda ya shekara arba'in da allura a hannu, ya ji an ce allura sai gumi ya karyo masa.

Kwana uku Batulu ta yi ba ta san ɗanɗanon abinci ba. In ta yi shiru, za a soki mijinta ana neman amsar da ke cikin kwabarta. In ta faɗa, ta zama matar da ta shekara shida tana zuba wa miji abu a ɓoye, kuma kowa ya san yadda ake fassara wannan a unguwa. Ta daina zubawa dai. Ran Talata Malam ya kurɓi zoɓo ya yamutsa fuska, ya tambaye ta ko hankalinta ne ba a kwance ba, yau bai yi daɗi irin na kullum ba. Ta shiga madafa ta yi kuka har ta gode Allah.

Ran Alhamis, kafin likita ya buɗe fayil, ta zaro kwalbar maganin daga cikin hijabi ta ɗora a kan tebur.

"Ƙarya na yi muku. Yana sha. Ni nake ba shi, bai sani ba."

Likita bai yi mata faɗa ba. Ya ce kada ta ɗora wa kanta duka, zaman wuri ɗaya da sukari da tumbi suna da nasu kason. Amma jiki ba ya iya fitar da ƙarfe da sauƙi, ba a shan maganin nan sai an gwada jini. Ya ɗage maganar allura, ya ce a daina maganin, a rage zaƙi, a riƙa tafiya, a sake gwaji bayan wata uku.

A Keke Napep Malam titi ya yi ta kallo har Ƙofar Doka. Bai zage ta ba, bai gaya wa kowa ba, ita kuwa da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Yanzu kullum da safe yana zagaya ganuwa da ƙafa, tumbin ya ɗan sauka, gwajin baya ma ya ɗan yi ƙasa. Batulu ta daina jan idon mutane, har maƙwabta suna tsokanarta ko ta yi ritaya ne.

Abin da ba su sani ba shi ne abin da ke faruwa in ta miƙa masa ruwa. Yakan riƙe kofin ya leƙa ciki, ba da niyya ba, hannunsa ne kawai ke tsayawa. Ran nan ta karɓe kofin ta kurɓa a gabansa, ta mayar masa.

"Haba Batulu, ba sai kin yi haka ba," in ji shi.

Amma sai da ta haɗiye sannan ya kai bakinsa.