Injin Malam da Furar Gayya

Tun ranar da aka turo ta cikin gidanmu a Tudun Wada hankalina bai sake kwanciya ba. Wata 'yar tarakta ce mai taya biyu, irin wadda mutum ke riƙe ƙahonta yana bin ta a baya. Wani Bature mai lambu ne zai koma ƙasarsu, ya sayar wa maigidana ita. Shekarun nan ne kafin a sami mulkin kai, ina da goyo a lokacin. Malam, haka nake kiransa, akawu ne a wani kanti, amma tuwon da muke ci daga gonar gado yake fitowa, can bayan Hanwa.

Aka kori akuyata daga rumfarta, aka shigar da injin. Na ce, "Malam, ya tashe ta a gabanka kuwa kafin ka karɓa?" Ya ce ya tashe ta, har ta yi gudu. Na ce to, Allah ya sa alheri, amma araha dai ba ta ado.

A unguwarmu, in ruwa ya zauna, gayya ake yi. Maza su taru da garemaninsu, su huɗe gonar wannan yau, wani mako ta wancan. Matar mai gona ta dama fura, ta tuƙa tuwo. Ba a biyan kowa. Wanda ya je ta mutane, shi ake zuwa tasa. To, a shekarar nan Malam ya tsaya a ƙofar masallaci yana dariya, ya ce bana ya hutar da kowa, inji za ta yi.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, inji kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Malam ya naɗa igiya ya fizga, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake fizga, ta watso masa baƙin hayaƙi. Daga nan gida ya zama gareji. Ya kwance fulogi ya tura cikin murhuna, wai a ƙona dattin, ni kuwa miyata tana kai. Ya ɗauki ɗankwalina na zuwa biki ya tace fetur da shi. Tabarmar da nake shanya kuka ta cika da kusoshi, in goyona ya rarrafa can sai a daka mini tsawa. Har tuwo warin mai yake yi.

Lahadi ce kaɗai ranar hutunsa, kuma ita ce ranar da aka fi sa gayya saboda masu aikin albashi. Kowace Asabar sai Baba, dattijon da muke katanga ɗaya da shi, ya yi sallama a zaure ya faɗi gonar da za a je gobe. Ina jin Malam daga ciki yana cewa, "Baba, a yi mini uzuri, saura kaɗan ta tashi." Baba ya ce, "To, Allah ya tashe ta." Washegari ina jiyo gangar noma daga nesa, Malam na tsugune a rumfar akuya da sifana a hannu.

Ya kirawo wani makanike Ibo mai gyaran injin niƙa, mutum mai haƙuri. Ya sunsuna tanki, ya ce, "Maigida, ruwa ne a cikin man." Ashe garwar fetur a ƙarƙashin indararo take kwana. Aka zubar, aka wanke, inji ta tashi da ƙara har kajina suka haye katanga. Ban gama cewa alhamdu lillahi ba bel ɗin da ke juya ta ya tsinke. Aka nema har Sabon Gari babu irinsa, sai baduku ne ya ɗinka wani na fata. Shi ma da ya ji zafi sai ya saki.

Ni kuwa kullum da safe sai na leƙa rumbu. Dawar bara ta yi ƙasa, har ina ganin daɓen. In zauna, in tashi, in fita tsakar gida in dubi hadari. Matan makwabta suna shigowa suna ba ni labari, wane ya gama shuka, ta wane har ta tsiro. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa, tsoron a wayi gari ina aika yara da mudu kasuwa.

Wata rana da ya shigo zai wanke hannu na tare shi. Na ce, "Malam, ƙarfe za mu ci bana? Ruwan shuka ba ya jiran fulogi." Sai ya ce in jiƙa gero, zai aika a gaya wa mutane ranar Lahadi gonarmu ce. Na ce, "Aike? Ka taka da kanka mana, zumunci a ƙafa yake." Ya ce makanike na jiransa.

Na yi daka har kafaɗata ta riƙe. Na dama fura da nono mai kyau, ƙwarya bayan ƙwarya, na tuƙa tuwo tukunya guda, don kada a ce matar akawu ta yi rowa. 'Yan matan makwabta suka ɗauka suka kai gona. Malam da makanike tun da sassafe suka tura injin suka tafi.

Bayan la'asar 'yan matan suka dawo, kowacce tana tafe a hankali, wuya a sandare. Tun kafin su sauke na gane kayan ba su ragu ba. Na ɗaga faifai, fura na nan har baki, ta fara tsami. Ƙwarya ɗaya kawai aka taɓa. Na tambayi babbar cikinsu, ta ce Baba kaɗai ya zo. Injin ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta mutu a tsakiyar gona. Ta ce Baba ya yi kunyoyinsa shi kaɗai har ƙarfinsa ya ƙare, ya sha fura, ya ce wa Malam, "Kowa ya ce a gaishe ka."

Na zauna a bakin murhu na yi kuka, na haushi da na kunya. Fura da tuwon na rabar wa makwabta, gidajen mazan da ba su zo ba, don ba zan zubar da hatsi ba alhali rumbu na kallona.

Malam ya shigo gab da magariba ba tare da injin ba. Na shirya masa magana tun rana, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Bai nemi abinci ba. Ya ce, "Ina garmata?" Tana bayan rumbu, da ita nake tare ƙofar akurki, duk ta yi tsatsa. Ya zauna ya wasa ta a kan dutse.

Da Lahadi ta zagayo, ba wanda ya yi masa sallama, ba wanda ya gayyace shi. Ganga na fara tashi ya saɓa garma ya fita. Gonar da ya nufa ba tamu ba ce. Tamu, lokacinta ya riga ya wuce.