Rabi'atu Mai Gadin Sarakunan Takarda

Yayata Rabi'atu mai gadi ce a wani gidan adana kayan tarihi a Manhattan, kuma sarakuna take gadi. Sarakunan Faransa ne da suka daɗe da zama ƙasa, aka sassaƙa hotunansu a farantin tagulla aka buga a takarda. Ga gashin aro har kafaɗa, ga ƙafa an miƙo gaba sai ka ce mai tallar safa. Da yake a Maraɗi muka tashi, tana jin Faransanci, sai aka ajiye ta a ɗakinsu don ta riƙa karanta wa baƙi rubutun da ke ƙasan hotunan.

Gatan da takardun nan suke samu ni ban taɓa ganin irinsa ba. Ba a son haske ya dame su, ba a son zafi, ba a son danshi. In sun yi 'yan watanni a bango sai a sauke su a kai su ɗaki mai duhu, wai su huta. Takarda fa! Ita kuwa Rabi'atu dokar aikinta tsayuwa ce daga buɗewa har rufewa. Shekara da shekaru haka, har jijiyoyin ƙafarta suka kumbura, ciwo ya buɗe a idon sawu. In ta dawo gidanmu a unguwar Mount Hope, ni nake cire mata takalmi.

Na matsa mata lamba ta nemi a ba ta kujera, don in babu kujera aikin ya ƙare. Da ƙyar ta yarda. Aka kira ta gaban shugaban masu gadi da wata likita. Tambayar farko da likitar ta yi mata ita ce yaya ƙafar.

Rabi'atu ta ce da sauƙi, alhamdulillahi.

Mu haka aka tarbiyyantar da mu. Ko mutum yana bakin kabari, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce, mai tambayar kuma ya san abin da zai gane. Su ba su sani ba, kuma ba su nemi sani ba. Ko safar ba a ce ta cire ba. Tun da mai ciwo ta ce ta samu sauƙi, batun kujera ya mutu.

Da ta gaya mini, kaina ya yi zafi. "Yaya, me ya hana ki nuna musu ciwon?"

"Haba Nadia, a gaban namiji? Ça va aller, komai zai wuce. Kuma in ce babu sauƙi, in yi wa Allah butulci?"

Na ji haushinta, na ji haushinsu ninki, har yau ban huce ba. Ƙafar ta ƙi, dole ta ajiye aikin.

Ranar ƙarshe na je ɗaukar ta, karona na farko a ɗakin. Ina shiga na tsaya cak. Ashe akwai benci a tsakiyar ɗakin, dogo, mai laushi, na baƙi masu zuwa kallo, babu kowa a kai. Duk shekarun nan a gabanta yake.

Na ce, "Wallahi sai kin zauna. Yau me za su yi miki?"

Ta dubi bencin, ta dubi kyamarar da ke sama, ta gyara tsayuwa a kan ƙafar mai lafiya.

"Bari dai a tashi tukuna," in ji ta.