Igiyar da Malam Nouhou Ya Ƙi Gogewa

Kowace safiya Malam Nouhou, mutumin Zinder, yakan hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, daga Villeurbanne zuwa wani ɗakin gyaran tsofaffin finafinai a gefen birnin Lyon. Ya sa farar safar hannu, ya buɗe gwangwanin fim, warin tsami ya buge shi, ya hau gogewa da auduga, hoto bayan hoto. A haka gemunsa ya yi fari. Watan jiya ya ajiye aiki.

Mu da muka girma da kallon Indiya a siliman Maradi mun ɗauka duk Indiyawa bakinsu ɗaya. Ashe ba haka ba ne. Gwangwanayen da suka cinye ƙarfin Nouhou na mutanen kudu ne, masu harshen Kannada, finafinansu na farko, baƙi da fari: 'ya'yan sarki da takubba, bokaye, macizai masu rikiɗa. Ko kalma ɗaya ba ya ji a ciki.

Namu ma ba su raga masa ba. A wani taron suna a La Courneuve, kusa da Paris, na ji Alhaji Abdulrazak ya ce masa, "Malam, har yanzu wankin aljanun Indiya ake? Ba su musulunta ba?" Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Sai a hankali, Alhaji, taurin kai gare su kamar 'yan kasuwa."

A fim na ƙarshe da ya gyara akwai doki mai tashi sama ɗauke da ɗan sarki, in ka lura za ka ga siririyar igiyar da ta ɗaga shi. Aka umarci Latifa, 'yar Tahoua mai aikin kwamfuta a wurin, ta share ta. Ita ta ba ni labari. Nouhou ya tsaya a kanta ya ce, "'Yata, datti na san shi, da shi nake cin tuwo. Wannan ba datti ba ne. Wasu ƙarti ne suka ja ta cikin rana, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. In kin share, me ya rage nasu?"

"Baba, ni ma sa ni aka yi. Shugaba ya ce 'yan kallo za su yi dariya."

Ya je wurin shugaban. Aka yi masa godiya, aka tuna masa ba sashensa ba ne. Aka share.

Ranar da aka nuna fim ɗin a Paris, doki ya tashi fes, aka yi ta tafi. Zuwaira, matar Nouhou, ta ce shi ƙasa ya duba har dokin ya sauka. Wai gyara ke nan. Ni dai ban yarda da wankan da ke tafiya da fata ba.

Malam Nouhou na Zuwaira, mai hannun auduga. Kai ne ka tsaya wa mutanen da ba ka san sunansu ba, ba ku haɗa harshe ko alƙibla ba, aka kuma kayar da kai. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku yaranmu masu karatun injiniya, in an ce ku share, ku fara tambaya hannun wa ke ƙarƙashi. Igiyar tana nan a fim na asali, cikin gwangwani, a ɗakin sanyi da ba mai shiga. Duniya ba za ta gan ta ba, amma ba da hannun Nouhou aka goge ta ba.