Kusurwar Ɗakin Kaka

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu na zanen gidaje a Tudun Wada, a Gusau, ita ce shekarar da ɗakin kakata ya zube a Nahuce. Jihar Zamfara tana sabuwa, ni ma ina sabon ɗaukar kai, don ni kaɗai oga ya yarda in taɓa na'urar.

Kaka ta koma kwana a ɗakin ajiyar hatsi. Da bazara ta kawo kai sai ta tara 'ya'yanta maza biyu, wato Babana da ƙanensa Baffa, ta ce in ruwan farko ya sauka ba ta da ɗaki, za ta koma Tsafe wurin 'yarta. Kunya ce babba a ce uwa ta bar maza biyu ta tare a gidan suruki. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don a hannunta na tashi.

Baba manomi ne, ya ce ginin ƙasa za a yi, shi ne mai sanyi. Baffa ɗan kasuwa ne, ya ce bulo da siminti ko a fasa. Mutanen nan ko a kan ganin wata ba su taɓa shiri ba. Dattawa suka raba musu: kowa ya ɗauki bango biyu. Ni da rawar kaina na ce su zo Gusau in zana musu a kwamfuta.

Suka zo ranar wata Asabar, kowa a motarsa ta haya daban. Na ja bangon Baba, mai kauri, na ƙasa. Na ja na Baffa, siriri, na bulo. To ita manhajar tana da tata doka: in bango biyu suka haɗu a kusurwa, wanda kayansa suka fi ƙarfi shi ke wucewa, ɗayan ya tsaya a jikinsa. Ina haɗa su sai bangon Baffa ya ratsa na Baba ya wuce abinsa.

Baba ya matso da fuska dab da gilashin.

"Wanga na wa na, da yat tsaya?"

"Naka ne, Baba."

"Wanga da yac ci mai kai fa?"

Baffa ya gyara hula ya ce, "Yaya, ba ni nac ce ba. Inji na, ba shi ƙarya."

Baba ya juyo kaina. "Kai, injin ga bai san babba ba? Ko kai ne ba ka gaya mai ba?"

Na shiga inda ake jera kayan gini bisa ƙarfinsu, na ɗaga jar ƙasa sama da siminti, abin da duk wanda ya koya mini zane zai mare ni a kai. Bangon Baba ya ratsa na Baffa. Baba ya ce yanzu inji ya yi hankali. Baffa ya miƙe ya ce shi ba zai sayi siminti don laka ta taka shi ba. Na raba kusurwar a karkace, rabi da rabi, sai suka tsaya auna rabin wa ya fi da yatsa a kan gilashi. Na ja su baya kaɗan don kada su taɓa juna, oga da ke bayanmu yana danne dariya ya ce ta nan kunama za ta riƙa kai wa tsohuwa ziyara.

Raina ya ɓaci sosai. Hadari na haɗuwa a gabas kullum, su kuma suna faɗa a kan layi. Cikin fushi na goge bangon duka huɗu, na haɗa sabon bango mai ruɓi biyu: tubalin ƙasa daga ciki, bulo daga waje, manne da juna. Na zagaye ɗakin da shi. Da yake irinsu ɗaya, ko'ina suka haɗu sai layin tsakani ya ɓace, ƙasa ta bi ƙasa, bulo ya bi bulo.

Baba ya daɗe yana kallo. "Ina nawa yaƙ ƙare?"

"Bai ƙare ba, Baba. Ya zagaye Kaka."

Ya gyaɗa kai, ya ce dama babba shi ke kusa da uwa. Baffa ya ce shi ne zai sha ruwa da rana ke nan a madadin wani. Baba ya ce aikin ƙane ke nan tun fil azal. Da aka kai zanen Nahuce, magini ya yi mita, ya ce bai taɓa gina ɗaki sau biyu a wuri ɗaya ba, amma ya gina.

An buga kwano ke nan aka yi yayyafi. Washegari Gwaggo, 'yar Kaka, ta iso daga Tsafe da mota, don ba ta yarda yayyenta za su gama komai tare ba. Ta tarar da Kaka zaune a sabon ɗaki, ta jingina da bango. Ta ce mata ta tashi su tafi, can an gyara mata wuri.

Kaka ta dafa bangon da tafin hannu.

"Koma gidanki, ɗiyata. Tun da na haihe su ban taɓa ganin sun tsaya wuri guda ba sai cikin bangon ga. Ba ni zuwa ko'ina."